Tambayoyin Masu Karatu: Corbyn, Starmer da Maganar "Wanda Zai Iya Cin Zaɓe"

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na haura shekara goma ina aiki a arewacin Ingila, kuma ina riƙe da katin jam'iyyar Leba tun 2015. Saboda Jeremy Corbyn na shiga, shi na jefa wa ƙuri'a sau biyu a takarar shugabancin jam'iyya. Yayana, wanda ya riga ni zuwa ƙasar, kullum maganarsa ɗaya ce: wai mu muka ƙara wa 'yan mazan jiya wa'adi, tunda mun bi son zuciya mun ɗora wanda muke ƙauna, muka bar masu iya cin zaɓe. Da Keir Starmer ya lashe zaɓen 2024 sai ya ce da ni, to ga shi nan, gani ya kori ji. Maganar tana hana ni sukuni, domin ni ke ganin tsofaffi kwance a kan hanyar wucewa cikin asibiti suna jiran gado, na kuma san shekarun tsuke bakin aljihu ne suka kai mu nan. Ka faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba: kuskure muka yi? Sannan wannan "iya cin zaɓe" da ake ta ambato, wa ke auna shi, kuma da wane ma'auni?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wasiƙarki ta taɓa ni ƙwarai, domin shekarun da kike magana a kansu ina ƙasar, kuma ba ɗan kallo ba ne ni. Inda kika jefa ƙuri'arki a 2015 nan na jefa tawa. Duk abin da zan faɗa miki, har da kaina nake yi wa.

Mu koma farkon al'amarin, don yayanki ya tsallake shi. Ranar 7 ga Mayun 2015 Leba ta sha kaye a hannun David Cameron na jam'iyyar Konsabatib, wato 'yan mazan jiya. Kujeru 232 ta samu cikin 650, a Sikotilan kuwa, inda take da 41, ɗaya tak ta rage mata. Washegari Ed Miliband ya ajiye shugabanci. Mutum uku suka fito waɗanda manyan jam'iyya ke kallo a matsayin 'yan takara na gaske: Andy Burnham, Yvette Cooper da Liz Kendall. Corbyn, da ke wakiltar Islington ta Arewa tun 1983 ba tare da ya taɓa riƙe ko ƙaramin muƙami a gwamnati ba, da ƙyar ya shiga jerin. Ƙa'ida ta ce sai 'yan majalisa 35 sun sa maka hannu. Ya haɗa 36 ana saura 'yan mintoci a rufe, ranar 15 ga Yuni, kuma da dama cikinsu aron sa hannun suka ba shi don dai a ji muryar ɓangaren hagu a muhawara. Ba su yi niyyar zaɓensa ba, ba su kuma zaci jama'a za su zaɓe shi ba. Ɗan hakin da suka raina shi ya tsone musu ido.

A ganina an gama takarar nan tun watan Yuli, kafin a fara jefa ƙuri'a. Gwamnati ta kawo ƙudurin rage tallafin marasa ƙarfi, ciki har da taƙaita tallafin yara ga 'ya'ya biyu na farko. Harriet Harman, wadda ke riƙon shugabancin jam'iyya, ta umarci 'yan majalisar Leba su ƙaurace wa ƙuri'ar, don kada a ce jam'iyyar ta masu zaman jiran tallafi ce. 'Yan majalisa 48 suka bijire suka ce ba su yarda da ƙudurin ba. Cikin 'yan takara huɗun, Corbyn kaɗai ne a cikinsu. Ki tuna yadda 'yan jam'iyya suka kwana a daren nan. An nuna musu cewa hanyar cin zaɓe ita ce a naɗe hannu ana kallo a zaftare abin da ake ba yaran talakawa. Sauran ukun kowa na nanata cewa shi ne zai iya kayar da Konsabatib, 'yan jam'iyya kuma na tambayarsu, idan an kayar da su sai a yi me? Amsar ba ta fito ba. Tony Blair, tsohon firaminista na Leba, ya fito ya ce duk wanda zuciyarsa ke tare da Corbyn ya je a yi masa dashen wata, kuma duk lokacin da aka yi irin wannan magana sai layin magoya bayansa ya ƙara tsawo.

Na ga layin da idona a Landan a watan Agusta. Zaure ya cika, ɗakunan gefe sun cika, mu da muka rage a titi muka tsaya, har ya fito ya hau motar 'yan kwana-kwana ya yi mana jawabi daga samanta. Kusa da ni akwai wata dattijuwa riƙe da jakar hannu a ƙirji. Ta ce mini ta mayar da katinta a 2003 saboda yaƙin Iraƙi, kuma shekara goma sha biyu ke nan ba ta taka taron siyasa ba sai ranar. Mutumin ba gwanin magana ba ne, muryarsa ma ba ta kai ƙarshen taron sosai, amma yana faɗin abin da ya yarda da shi, kuma an daɗe ba a ji haka ba. Ranar 12 ga Satumba ya ci da kashi 59.5 cikin 100 a zagayen farko. Burnham ya samu 19, Cooper 17, Kendall kuwa, wadda ta fi kowa kafa takararta a kan maganar iya cin zaɓe, 4.5.

To ke nan ban ɗauki ƙuri'arki ta 2015 a matsayin kuskure ba. An ba ki mutum uku da suka kasa faɗin abin da za su yi da mulki, da mutum ɗaya da ya faɗa.

Daga nan ne labarin ke yin nauyi, kuma ina roƙonki ki jure.

A Yunin 2016, bayan ƙuri'ar raba gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai, 'yan majalisarsa suka yi masa ƙuri'ar yanke ƙauna, 172 da 40. Ya ƙi sauka, ya sake tsayawa, ya kayar da Owen Smith da kashi 61.8. Da firaminista Theresa May ta Konsabatib ta kira zaɓen gaggawa a Afrilun 2017, ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna Leba a baya da tazarar kusan maki 20, masana kuma sun gama yi mata jana'iza. Sai ga shi ta samu kashi 40, ƙuri'u kusan miliyan 12.9, kujeru 262, ta ƙwace wa May rinjayenta. Tun 1945 Leba ba ta taɓa ƙara kasonta haka a zaɓe ɗaya ba. Duk mai cewa ya san tun farko Corbyn ba zai kai ko'ina ba, ki tambaye shi abin da ya hango a 2017. Amma mu ma a nan muka zame. Konsabatib ta samu kujeru 317, ta fi mu da 55, ita ta kafa gwamnati. Mun faɗi zaɓe muka riƙa murna kamar mun ci, muka daina sauraron duk wanda ya zo da gyara, muka ɗauke shi maƙiyi.

A farkon Disambar 2019 na bi wani abokina ƙwanƙwasa ƙofofi a wani tsohon garin masu haƙar kwal. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu, ana yayyafi, takardar sunayen da ke hannunmu ta jiƙe har biro ba ya kamawa. Gidajen da aka ba mu duk na mutanenmu ne, waɗanda suka ce Leba suka zaɓa a baya. Wani dattijo ya buɗe mana, ya tsaya da silifas, hannunsa ɗaya a kan ƙyaure. Ya ce ya yi yajin aikin 1984 zuwa 1985 daga farko har ƙarshe, bai kuma taɓa zaɓar wata jam'iyya ba. Abokina ya shiga jero masa alkawura: mayar da jiragen ƙasa hannun gwamnati, ƙarin kuɗi ga asibitoci, ɗaga mafi ƙarancin albashi. Yana ta gyaɗa kai, bai musa ko ɗaya ba. Da abokina ya numfasa, sai ya ce duk ya yarda. Amma shi ficewa ya zaɓa a 2016, yanzu jam'iyyarsa na cewa a sake ƙuri'ar, shugabanta kuma ya ce ba zai ɗauki ɓangare ba. Ya ce mutumin da ya kasa faɗin inda ya tsaya a kan babbar maganar da ta raba ƙasa, ya kuma kasa tsawatar wa gidansa, ta yaya zai damƙa masa ƙasar? Ya yi mana sallama cikin mutunci, ya tura ƙofa. Kafin mu kai ƙarshen layin mun ji maganar nan a bakin mutane da yawa, kowa da irin lafazinsa.

Ranar 12 ga Disamba Leba ta tashi da kujeru 202, mafi ƙaranci tun 1935, Konsabatib ta Boris Johnson kuwa da 365. Bolsover ta tafi, Blyth Valley ta tafi, har Sedgefield, tsohuwar kujerar Blair. Mafi yawan kujerun da aka rasa a yankunan da suka zaɓi ficewa suke. Ki lura da abu guda da yayanki ba zai so tunawa ba: wanda ya fi kowa tura jam'iyya ga alkawarin sake ƙuri'ar raba gardama shi ne mai magana da yawunta kan batun a lokacin, wato Keir Starmer. Manufar da ta fi cin kujeru daga ɓangaren masu "iya cin zaɓe" ta fito. Sai dai wannan bai wanke Corbyn ba. Shi ne shugaba, shi ya yi shekara uku yana tsaka-mai-wuya bai yanke ba. Ƙorafin ƙyamar Yahudawa a cikin jam'iyya ya bar shi ya ruɓe, har Hukumar Daidaito da Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta samu jam'iyyar da karya doka a rahotonta na Oktoban 2020. Gaskiya ne jaridu sun yi masa rashin adalci mai yawa, amma sun yi wa tsohon shugaban Leba Neil Kinnock, sun yi wa Miliband. Duk mai neman shugabancin Leba ya san da wannan ruwan zai yi iyo, kuma aikinsa ne ya shirya masa.

Yanzu mu zo ga "gani ya kori ji". Mu duba abin da aka gani ɗin da kyau. Ranar 4 ga Yulin 2024 Starmer ya samu kujeru 411 da kashi 33.7 kacal, ƙuri'u kimanin miliyan 9.7. Corbyn a mummunar shekararsa ta 2019 ya samu kusan miliyan 10.3. Wato mutanen da suka fito suka zaɓi Leba ranar babbar nasara ba su kai na ranar babban kaye ba. Abin da ya sauya yana wajen abokan hamayya. Konsabatib ta rufto daga kashi 43.6 zuwa 23.7 bayan badaƙalar shagulgulan lokacin kullen korona da kwana 49 da Liz Truss ta yi tana firaminista. Jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta yanki kashi 14.3, yawanci daga jikinsu, alhali a 2019 Farage janye 'yan takararsa ya yi daga kujeru 317 da Konsabatib ta ci a 2017. A Sikotilan SNP, jam'iyyar masu neman 'yancin kan yankin, ta faɗo daga kujeru 48 zuwa 9. Bango ne ya tsage, Starmer ya samu wurin shiga.

Na san magoya bayan Corbyn na son tsayawa a nan, su ce ai mun fi shi ƙuri'a. Kada ki tsaya tare da su. A tsarin Birtaniya kowace mazaɓa zaɓenta daban, wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ce ya ɗauke kujera. Ƙuri'a dubu talatin da aka tara a saman buƙata a Liverpool ko tsakiyar Landan ba ta ƙara ko rabin kujera. A 1951 Leba ta fi Konsabatib yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa, amma Winston Churchill na Konsabatib ne ya koma mulki. Mutanen Starmer sun san haka, suka baza ƙarfinsu a ƙananan garuruwan da ake cin kujera da tazarar ɗari biyar ko dubu. Akwai kuma wani abu da na daɗe ina ƙin yarda da shi kafin na yarda. A 2019 tsoron Corbyn ya haɗa kan masu ra'ayin riƙau wuri guda, har wanda ba ya son Johnson ya daure ya zaɓe shi. A 2024 ba su ji tsoron Starmer ba, sai suka sake jiki, wani ya tafi Reform, wani ya zauna a gida. Rashin firgita mutanen abokin hamayyarka wani yanki ne na cin zaɓe, kuma na gaske ne.

Kin tambayi wa ke aunawa. Babu mai ma'auni a hannu. Hasashe ne mutum ke yi kan abin da wasu mutanen da bai sani ba za su ji a ransu bayan shekara huɗu ko biyar, a gaban abokin takarar da ba a ma san ko wane ne ba. Shi ya sa ake yawan kuskurensa. Kinnock ya ja jam'iyya zuwa tsakiya da sunan karɓuwa, ya faɗi a 1987, ya sake faɗuwa a 1992. Clement Attlee kuwa, da aka ɗora a shugabancin Leba a 1935, da yawa sun ɗauke shi mai riƙon wuri kafin a samu na gaske, mutum ne mai ƙarancin magana, ba shi da kwarjinin dandali. A 1945 ya kayar da Churchill da kujeru 393, ya mayar da kwal da jiragen ƙasa da Babban Bankin Ingila hannun gwamnati, ya kafa NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasa da kike yi wa aiki, a 1948. Manufofinsa ba su gaza na Corbyn tsauri ba. Bambancin shi ne jama'a sun yi shekara biyar suna ganinsa cikin gwamnatin haɗaka ta lokacin yaƙi, har ya zama mataimakin firaminista, yana tafiyar da al'amuran cikin gida ba hayaniya. Sun riga sun gwada amanarsa. Abin da dattijon nan mai silifas ya rasa ke nan. Manufofin sun yi masa, mutumin ne bai aminta da shi ba.

Inda yayanki ya fi mu gaskiya shi ne nan: jam'iyyar da ta ce ta talaka ce ba ta da ikon jin daɗin faɗuwa. Mai hali zai iya jiran shekara biyar, majinyacinki da ke kan hanyar wucewa ba zai iya ba. Gwamnatin Blair, duk da abin da nake riƙe da shi a kanta, ita ta kawo mafi ƙarancin albashi a 1999, a zamaninta kuma layin jiran aiki a asibiti ya ragu sosai. Da ba ta ci zaɓe ba da babu ko ɗaya. Amma shi ma ki tuna masa cewa tsakanin 1997 da 2005 ƙuri'un Leba sun faɗo daga miliyan 13.5 zuwa kimanin 9.5, kuma cikin waɗanda suka tafi akwai dattijuwar nan mai jaka da dubban irinta. Corbyn daga wannan ramin ya fito.

Idan wata takarar ta zo, duk wanda ya ce miki wane ba zai ci ba, ki ce ya lissafa miki mazaɓun da yake nufi, da mutanen da za su gudu, da dalilinsu. Idan ya iya, ki saurare shi da kyau ko da ba kya son sa. Idan ya kasa, to ra'ayinsa ne kawai ya sa wa rigar hasashe. Wanda kike so kuma ki yi masa tambayoyin da ba mu yi wa Corbyn ba: ya taɓa tafiyar da wani abu ya yi kyau? Yana iya hukunta na kusa da shi? 'Yan majalisar da za su zauna a bayansa za su bi shi? Sannan ki fita ƙwanƙwasa ƙofa a garin da ba naku ba, tun kafin ki jefa ƙuri'a. Allah Ya ba ku ladan aikin da kuke yi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne. Wa ya kamata ya zaɓi shugaban jam'iyya, 'yan majalisa ko 'yan jam'iyya? Na ji ana cewa tsarin fam 3 ne ya jawo wa Leba duk wannan.

AMSA: Ɗalibi, maganar fam 3 an ƙara mata gishiri. Gaskiya ne a 2015 duk wanda ya biya fam 3 ya yi rajista a matsayin mai goyon baya ya samu ƙuri'a, kuma fiye da kashi 80 na waɗannan Corbyn suka zaɓa. Amma ko a cikin cikakkun 'yan jam'iyya ya samu kashi 49.6 a zagayen farko, ya bar na biyu nesa. Da babu 'yan fam 3 ma da ya ci.

Leba ta gwada kusan kowane tsari. Har zuwa 1980, lokacin da aka zaɓi Michael Foot, 'yan majalisa kaɗai ke zaɓe. A Janairun 1981 aka raba ƙuri'ar: kashi 40 ga ƙungiyoyin ƙwadago, 30 ga 'yan majalisa, 30 ga rassan jam'iyya, kuma wannan na cikin abin da ya sa wasu jiga-jigai huɗu suka ɓalle suka kafa sabuwar jam'iyya, SDP. A 1993 aka mayar da shi kashi uku daidai. A ƙarƙashin wannan ne Ed Miliband ya kayar da yayansa David a 2010 da kashi 50.65 da 49.35, duk da David ya fi shi a wajen 'yan majalisa da 'yan jam'iyya. Ƙuri'un 'yan ƙwadago suka ɗaga shi. A 2014 aka koma kowa ƙuri'a ɗaya, ɓangaren dama na jam'iyya ya yi maraba, don a zatonsu rage ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago zai amfane su. A 2021 Starmer ya soke rajistar magoya baya, ya ɗaga sa hannun da ake buƙata zuwa kashi 20 na 'yan majalisa. Kowane gyara an yi shi ne don toshe ƙofar da abokin hamayya na cikin gida ya shigo ta ita a karon baya.

Ni ra'ayina kowane ɓangare ya san abin da ɗayan bai sani ba. Ɗan majalisa ya ga ɗan takara a ɗakin taro, ya san ko yana yanke shawara ko yana kwana a kanta, kuma kujerarsa na rataye da zaɓin. Sai dai yana iya rikita abin da zai tsare masa muƙami da abin da zai amfani ƙasa. Ɗan jam'iyya shi ke riƙe da dalilin kafa ta, shi ke fita cikin ruwa raba takardu, amma yawanci ya fi sauran masu zaɓe zafin ra'ayi, ya fi su zama a manyan birane. Ba ciwon hagu kaɗai ba ne. A 2022 'yan majalisar Konsabatib Rishi Sunak suka fi so, 'yan jam'iyya suka ɗora Liz Truss. A Faransa magoya bayan jam'iyyar gurguzu sun fifita Benoît Hamon a kan Manuel Valls a Janairun 2017, ya tashi da kashi 6 da ɗoriya a zaɓen shugaban ƙasa, amma ka haɗa da cewa Valls ɗin, bayan ya faɗi, Macron ya mara wa baya. Na fi son 'yan majalisa su tace, 'yan jam'iyya su zaɓa, da sharaɗi biyu: kada a ɗaga shingen har ya zama wani ɓangare guda na jam'iyya ba zai taɓa samun ɗan takara ba, kuma kada ɗan majalisa ya sa wa mutum hannu in har ba zai iya aiki a ƙarƙashinsa ba. Aron sa hannun 2015 ya fi fam 3 ɓarna, domin ya haifar da shugaban da kimanin kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisarsa suka juya wa baya cikin wata tara.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, Starmer ya yi wa 'yan jam'iyya alkawura goma a 2020, daga baya ya watsar da yawancinsu. Wannan dabara ce ta cin zaɓe ko yaudara?

AMSA: Alhaji, ni yaudara nake kiranta, kuma ba na jin daɗin faɗin haka. Ya ci takarar ranar 4 ga Afrilun 2020 da kashi 56.2, a kan Rebecca Long-Bailey da Lisa Nandy, kuma ya ci ne da ƙuri'un mutanen da suka zaɓi Corbyn a baya. Abin da ya sayar musu shi ne manufofin da suke so a hannun mutumin da ƙasa za ta amince da shi. Cikin alkawuran akwai soke kuɗin karatun jami'a, ƙara haraji a kan kashi 5 mafi samun kuɗi, da mayar da jiragen ƙasa, gidan waya, makamashi da ruwa hannun al'umma. Na jiragen ƙasa ya riƙe, yawancin sauran ya sake su ɗaya bayan ɗaya.

Masu kare shi na cewa korona da yaƙin Yukiren da tsadar bashi sun sauya lissafi, idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Na yarda da wannan a kan abin da ya shafi kuɗi. Shugaba na iya fitowa ya ce abin da na yi niyya ba zai yiwu bana ba, ga dalili, ga lokacin da zan dawo kansa. Wannan daban yake da mutum ya nuna kamar bai taɓa yarda da abin ba. Kuma akwai abin da ba kuɗi ya shafa ba, kamar alkawarin haɗa kan jam'iyya da daina faɗan ɓangaranci. A Yulin 2024, makonni kaɗan da hawa mulki, ya dakatar da 'yan majalisarsa bakwai saboda sun goyi bayan soke dokar 'ya'ya biyu, dokar nan dai da ƙaurace wa ƙuri'arta ta buɗe wa Corbyn hanya a 2015.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai zo bayansa. Duk ɗan takarar da ya tsaya gaban 'yan Leba ya ce ku ba ni, zan riƙe aƙidarku in kuma ci muku zaɓe, za su tuna an taɓa faɗa musu haka. An lalata hanyar da ita ce ta fi dacewa jam'iyyar ta bi. Alamun kuma sun bayyana tun daren nasarar. Corbyn, da aka hana shi takara a Leba, ya riƙe Islington ta Arewa a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Wasu huɗu masu zaman kansu sun ƙwace kujerun Leba a kan batun Gaza, ciki har da Leicester ta Kudu, inda Jonathan Ashworth, ɗaya daga cikin na hannun daman Starmer, ya faɗi. A mazaɓar Starmer kansa, Holborn da St Pancras, ƙuri'unsa sun ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da 2019.